Ni da maigidana magani ɗaya muke sha, na ƙara kilo 12 shi ko biyu bai kai ba, gado ne ko maganin ne?

Wata 'yar'uwa ce ta turo tambayar daga Marwa ta ƙasar Kamaru. Ita da maigidanta tun 2015 suke shan maganin sida, wato ƙanjamau, da farko TLE aka ɗora su a kai, a 2021 aka canja musu zuwa TLD rana ɗaya a asibiti ɗaya. Daga nan ta tashi daga kilo 61 zuwa 73, shi kuwa ko kilo biyu bai ƙara ba alhali tukunya ɗaya ake tuƙa musu. Ta ce dangin mahaifiyarta duk masu jiki ne, kuma wata ƙawarta ta ba ta shawarar ta riƙa tsallake kwana ko ta roƙi likita ya mayar da ita kan tsohon maganin. A ƙarshe ta ce wancan tsohon ya sha sa ta jiri da mafarkai barkatai, shi maigidan bai taɓa jin komai ba.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya ya bar ku tare. Ni ma'aikacin farmasi ne a sashen da ake ba da wannan maganin a nan Garwa, kuma tun da aka soma mayar da mutane kan TLD da wuya mako ya wuce ban ji wannan koken ba, galibi daga bakin mata. Kafin komai dai, don Allah kar ki tsallake ko kwana ɗaya. Ƙawarki da kyakkyawar niyya ta faɗa na sani, amma tsallake kwana ba ya rage ko rabin kilo, abin da yake yi kawai shi ne ya ba ƙwayar cutar damar farfaɗowa ta koyi yadda za ta bijire ma maganin, kinga an gudu ba a tsira ba ke nan.

Gado yana da hannu, eh. Sai dai hannun da masana suka fi tabbatarwa ba a inda kike zato yake ba. Ke hankalinki ya tafi kan iyayenki mata masu jiki, ni kuma abin da ya fi jan hankalina a saƙonki shi ne maganar jirin nan da mafarkai da kika saƙa a ƙarshe kamar ba komai ba.

Ki duba kwalbar da kike da ita yanzu da wadda kika bari. TLE magani uku ne a ƙwaya ɗaya, tenofovir da lamivudine da efavirenz. TLD ma uku ne, tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Ashe biyu ba su motsa ba, abu ɗaya tak aka cire aka sa wani, efavirenz ya fita dolutegravir ya shigo. To da mutane suka soma ƙiba bayan canjin kowa sai ya nuna ma sabon shiga yatsa, har mu ma'aikata haka muka yi da farko, babu wanda ya tsaya ya tambaya ko wanda ya fita ɗin ne yake danne jikin tun can.

Yawancin magungunan da mutum ke haɗiya hanta ce ke sarrafa su ta karya su jiki ya fitar. Ki ɗauka kamar injin niƙa ne na unguwa, akwai mai sauri da kin kai hatsi an niƙa an ba ki, akwai kuma mai nawa wanda kafin ya gama da kwano ɗaya an jera wasu biyar. Injin da ke niƙa efavirenz a hanta wani sinadari ne, anzim, sunansa CYP2B6, kuma umarnin yadda za a ƙera shi a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado, kwafi ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Akwai wani ɗan sauyi a rubutun da ake kira 516G>T, da wani 983T>C wanda shi kusan sai a jinin mutanen Afirka ake samunsa. Wanda ya gaji kwafi biyu masu rauni injinsa mai nawa ne, ƙwaya ɗaya yake sha da kowa amma efavirenz ɗin da ke yawo a jininsa zai iya ninka na maƙwabcinsa sau uku ko fiye, shi ya sa su suka fi fama da jiri, da mafarkai masu firgitarwa, da jin kai kamar an sha wani abu. Kuma wannan gadon ya fi yawa a tsakaninmu baƙaƙen fata a kan Turawa, ba abu ne na mutum ɗaya cikin dubu ba.

An yi wani babban bincike a Johannesburg ta Afirka ta Kudu mai suna ADVANCE, mutum 1053 da ba su taɓa shan magani ba aka raba su gida uku. Bayan mako 96, waɗanda aka ba dolutegravir tare da sabon samfurin tenofovir da ake ce ma TAF sun ƙara kilo 7.1 a matsakaici, masu dolutegravir da tsohon tenofovir wato TDF, irin wanda ke cikin TLD ɗinki, kilo 4.3, masu efavirenz kuma 2.3, kuma mata sun fi maza ƙarawa. In mutum ya tsaya a nan zai ce shikenan an kama ɓarawo, dolutegravir ne. Amma sai masu binciken suka koma kan rukunin efavirenz suka duba ƙwayoyin gadonsu, kusan rubu'insu masu injin nawa ne. Su waɗannan ba su ƙara komai ba, wasu ma ramewa suka yi har kitsen hannu da ƙafa ya ragu. Masu injin sauri kuwa, waɗanda efavirenz ba ya taruwa a jininsu, ƙibar da suka yi kusan daidai take da ta masu shan dolutegravir da TDF. Wato masu ramar ne suka jawo lissafin rukunin ya yi ƙasa, sai dolutegravir ya fito kamar shi ne mai kumbura mutane. Da aka auna yawan maganin a jini ma haka ta fito, iya yawan efavirenz iya ƙarancin ƙiba, shi kuwa dolutegravir yawansa a jini bai tafi kafaɗa da kafaɗa da nauyin jiki ba.

A Amurka ma an bi mutanen da aka ɗauke daga efavirenz aka mayar kan magungunan dangin dolutegravir irin su raltegravir da elvitegravir, aka ga masu injin nawa sun fi ƙara nauyi bayan canjin. Abin a bayyane yake in kin yi tunani, wanda aka fi taka ma birki shi zai fi zabura in an saki.

To ki ɗora wannan a kan gidanku. Ke kina jiri da mafarkai shekara shida, shi ko a jikinsa. Jiri alama ce ba hujja ba, gwajin jini ne kawai ke rarrabe wa ya gaji me, amma labarinki ya yi kama sosai da na mai injin nawa, wadda efavirenz ya riƙe mata jiki ƙasa da inda ya kamata ya kai, aka cire shi jikin ya nufi inda da ma zai je. Shi kuma maigida in injinsa mai sauri ne to babu wani birki a kansa tun farko, an cire efavirenz bai ji a jikinsa ba. Ina so ki tuna nawa kike aunawa kafin rashin lafiya, ko ki dubi 'yan'uwanki mata da kuke ciki ɗaya waɗanda suka kai shekarunki. Sau da yawa in na tambayi mace haka sai ta yi shiru ta ce ai yayata ma kamar haka take, kuma ita ba ta shan komai.

Nan ne maganar dangin mahaifiyarki ta shigo, kuma gaskiyarki ce. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna wajen kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na bambancin ƙiba tsakanin mutane daga gado yake. Amma ba ƙwayar gado ɗaya ba ce ke yin aikin, ɗaruruwa ne kowace da ɗan abin da take ƙarawa, kamar adashe. Wadda ta fi suna ita ce FTO da aka gano a 2007, a Turawan da aka auna wanda ya gaji kwafi biyu ya fi wanda bai gada ba da wajen kilo 3 kacal, akwai kuma MC4R. Mafi yawansu a ƙwaƙwalwa suke aiki, wajen jin yunwa da jin ƙoshi, shi ya sa ba na son in ji ana ce ma mai ƙiba ba ta da haƙuri da abinci, wallahi wani da ya ci loma goma cikinsa ya ce ya isa, wani sai ya ci ashirin kafin saƙon ya iso. A wancan binciken na Afirka ta Kudu an hango alamar wata ƙwayar gado TMEM163 a masu shan dolutegravir, amma alama ce ta farko da ke jiran a sake ganinta a wasu mutanen, ba a gina wata shawara a kanta ba. An kuma taɓa zargin ko dolutegravir yana toshe MC4R ne ya buɗe ma mutum ciki, da aka gwada a ɗakin bincike sai aka ga sai an zuba maganin fiye da abin da ke jinin mai sha nesa ba kusa ba kafin hakan ta faru. Shi dolutegravir injinsa a hanta daban ne, UGT1A1, shi ma akwai masu gadon nawa, yana ɗan ƙara yawansa a jini amma ba irin tarin da efavirenz ke yi ba.

Ba wai ina wanke dolutegravir tas ba ne fa. Har yanzu masana na ja-in-ja kan ko shi ma yana da ɗan nasa kason, musamman a mata baƙaƙe. A ƙasarmu ma an gwada, binciken NAMSAL da aka yi a asibitoci uku na Yawunde da mutum 613, bayan mako 48 masu dolutegravir sun ƙara kilo 5 masu efavirenz kilo 3, waɗanda suka shiga sahun ƙiba mai yawa kuma kashi 12.3 ne a ɓangaren dolutegravir, 5.4 a ɗayan. Sai dai kusan kashi biyu cikin ukunsu sun zo da ƙwayar cuta mai yawan gaske a jini, kuma wanda ya zo a rame, CD4 ɗinsa wato ƙwayoyin garkuwar jikinsa a ƙasa, in ya fara magani dole ya murmure, wannan dawowar lafiya ce kuma ita muke roƙon Allah. Ke naki ba wannan ba ne tunda kin daɗe a kan magani kafin canjin, shi ya sa na fi karkata ga sakin birki da gadon gida.

Abin da ke damuna a wannan fage, yawancin abin da aka sani kan gado da ƙiba a jikin Turawa aka gano shi, na Afirka kuma yawanci kudancinta ne, alhali babu nahiyar da mutanenta suka bambanta a ƙwayoyin gado kamar tamu. Bahaushe da Bafillace da Bagiziga da Batupuri da Balaraben Shuwa duk layi ɗaya suke bi a gaban tagata, ƙwaya ɗaya nake miƙa musu. Ya kamata a ce jami'o'inmu na Gaundare da Marwa da Garwa sun shiga wannan aikin da jinin mutanenmu.

Tsofaffin masu shan magani za su tuna zamanin Triomune, mai stavudine a ciki, yadda yake tsotse kumatu da cinyoyi ya bar jijiyoyi a waje, mutum yana tafiya fuskarsa na tona masa asiri. Ko a lokacin wani ya shekara biyar yana sha bai canja ba wani shekara ɗaya ta ishe shi. Saboda irin wannan tabon ne har yau da yawa cikin matanmu in sun ga jiki ya ciko murna suke, don a unguwa rama ake zargi ba ƙiba ba. Na fahimci wannan ƙwarai, kuma ba na ganin laifin kowa. Amma ya kai ni ga tambayar da nake so ki amsa ma kanki tsakani da Allah: ko kin taɓa shan irin ƙwayoyin nan na sha ka fashe, ko sirop na buɗe ciki da ake sayarwa a kasuwa? Da yawansu dexamethasone ne ko cyproheptadine, shi dexamethasone kumbura fuska da ciki yake, ya ta da sukari da tansiyo wato hawan jini, ya kuma raunana garkuwar jikin da muke ta wahalar ginawa. In kina sha kuma kin daɗe kar ki yanke shi lokaci ɗaya, ki kai ma likita ya janye miki a hankali. Sai allurar tazarar haihuwa ta wata uku, ita ma tana ƙara ma wasu mata nauyi, haka haihuwa a tsakanin nan, haka shekaru in an doshi ɗaukewar al'ada. Kuma ki danna ƙaurinki da yatsa, in wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba, ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, to wannan ruwa ne ba kitse ba, kar ki jira ranar randebu, wato ranar da aka sa miki ki koma asibiti, ki je a duba ƙoda da zuciya da hanta, tenofovir da ma ana sa ido kan ƙoda a kansa.

Maganar komawa TLE kuwa ban ba ki shawara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa dolutegravir a gaba tun 2019 ne don ƙwayar cutar ta soma bijire ma efavirenz da danginsa a ƙasashe da dama, shi kuma dolutegravir yana saurin danne ta kuma da wuya ta fi ƙarfinsa. In har ke mai injin nawa ce, komawa yana nufin ki koma ma jiri da mafarkan nan, kuma ramar da efavirenz ke sawa illa ce ta magani ba lafiya ba. Ƙari a kan haka, binciken da aka yi kan canja magani don rage ƙiba bai nuna nauyin yana zubewa yadda mutane ke fata ba, ɗan kaɗan ne in ma an samu. Gwajin ƙwayoyin gado ma ba sai kin nema ba, ba ya cikin gwaje-gwajen da ake yi a asibitocinmu, kuma ko kin kashe kuɗi an yi a waje sakamakon ba zai canja ƙwayar da za a ba ki ba. Abu ɗaya da zan ce ki riƙe, in wata rana aka zo canja miki zuwa mai TAF a ciki ki tuna ma likita tarihin nauyinki, don TDF ɗin da kike sha shi ma yana ɗan danne nauyi, cire shi na iya ƙara wasu kilo.

Galibi ƙarin nauyin a shekara ta farko zuwa ta biyu yake da ƙarfi sannan ya lafa. Ki buɗe karne ɗinki na asibiti ki bi kilo ɗin da ake rubutawa duk zuwa, in ya tsaya wajen 72, 73 tun bara to jiki ya sami mazauni, in kuma har yanzu hawa yake to akwai abin da ke tura shi bayan magani. Ba ki faɗi tsayinki ba, amma in mita 1.60 ne, kilo 73 ya ba da ma'aunin jiki, wato lissafin nauyi a kan tsayi, wajen 28 da rabi, an wuce 25 da ake so amma ba a kai 30 ba. Ni ma'aunin tela ma ya fi min sikeli amfani, ki zagaya shi daidai saman cibiya, mace in ta haura santimita 80 namiji 94 to kitsen ciki ya soma yawa, kuma shi ne mai jawo ciwon sukari da hawan jini, ba na ƙugu da cinya ba. Duk zuwa ki sa a auna tansiyo, in yana kai 14/9 wato 140/90 a kai a kai a yi magana, sukari kuma a auna da safe kafin ki karya, daga giram 1.26 a lita zuwa sama a maimaita. In ta kai ga an rubuta miki maganin sukari na metformin ki tabbatar mai rubutawar ya san kina kan TLD, don dolutegravir yana ƙara yawansa a jini, akan taƙaita adadin.

Shi gado ba a canja shi, amma an auna an gani cewa masu FTO ɗin nan in suna motsa jiki tasirinta na raguwa da kusan kashi 30 cikin 100. Ba zan ce ki bar tuwo ba, tuwon dawa da miyar kuka ko tafasa ko yakuwa ba su ne matsalar ba, ki dai rage malmala ki ƙara miya da ganye da wake da kifi. Inda kilo ke ɓuya a gidajenmu shi ne abin sha da abin suya: shayi mai sukari sau uku a rana, folere da aka zuba ma sukari kamar za a yi alewa, lemon kwalba, makala da safe, shinkafa tana iyo a mai. Ki fara da sukarin shayi kawai ki raba shi biyu na wata ɗaya ki gani. Na san zafin Marwa a watan Maris da Afrilu ba ya barin mutum ya taka ko nan da can da rana, to bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, minti talatin na tafiya mai ɗan sauri kwana biyar a mako, ko a tsakar gida ne, kuma ɗan zuwa kasuwa na kusa a bar moto ya huta. Ko kilo 4 kika sauke cikin wata shida sukari da tansiyo za su nuna. Shayin rage ƙiba da ake tallarsa a WhatsApp da Facebook ki bar shi, yawanci gudawa yake sawa, kuma ba a rubuta abin da ke ciki balle a san yadda zai yi da maganinki. Haka maganin ƙarin jini mai ƙarfe, da na ƙashi, da na gyambon ciki mai kama da alli, da farar ƙasa da mata ke ci, suna kama dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini, ki sha TLD awa biyu kafin su ko awa shida bayansu.

Randebu mai zuwa ki tafi da maigida in zai yiwu, ki ce ma likita a bi nauyinki a karne tun daga 2021, a auna ƙugu da tansiyo da sukari da ƙoda, ki faɗa masa maganar jirin da kika yi a kan TLE da duk wani abu da kike sha ko da na gargajiya ne, kuma ki tambayi sakamakon sharj biral ɗinki na ƙarshe, wato awon yawan ƙwayar cutar a jini. In kin samu ki turo min tsayinki da awon cibiyar mu lissafa tare.